Sana'ar Gina Shafukan Intanet da Rubutun Bulog: Jagora ga Mai Zaman Kansa

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan ba wuya a tarar da ɗalibin jami'a wanda ya koyi gina shafukan intanet, yana karɓar ƙananan ayyuka daga makarantun kuɗi da asibitoci da 'yan kasuwa, yana samun abin biyan kuɗin makaranta da na sayen littattafai. Haka kuma akwai waɗanda suka buɗe bulog, wato shafin da mutum kan riƙa zuba rubuce-rubucensa a kai a kai, a kan noma ko kiwon lafiya ko wasanni ko girke-girke. Duk waɗannan masu zaman kansu ne. Ba su da ubangida, ba su da albashin ƙarshen wata, kuma babu wani akanta ko lauya a bayansu da zai gyara musu idan suka yi tuntuɓe.

Abin da aka fi koya wa irin waɗannan matasa shi ne fasahar aikin, wato yadda ake tsara shafi da zaɓen launi da jera hotuna. Wannan kuwa wajibi ne. Sai dai kuma abin da ya fi raba magini da mai ba shi aiki ba kasafai yake zama rashin iya fasaha ba. Galibi adireshi ne ya suɓuce, ko kuɗi ne ba a yi maganarsu tun farko ba, ko kuwa shafi ne ya yi kyau a kwamfutar magini amma ya ƙi buɗuwa a wayar mai karatu. Waɗannan duka al'amura ne na riƙon amana. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu inda amanar take a cikin wannan sana'a, da kuma matakan da zai bi ya kiyaye ta.

2.0 Ginshiƙai Uku na Kowane Shafi

A shekarar 1989 ne wani masani ɗan ƙasar Ingila, Tim Berners-Lee, ya gabatar da shawarar kafa tsarin da muke kira yanar gizo, lokacin yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa. A 1991 aka buɗe shafin farko ga jama'a, a 1993 kuma cibiyar ta saki fasahar kyauta ga duniya baki ɗaya. Wannan kyauta ce ta sa yau ɗalibi mai kwamfuta guda zai iya shiga sana'ar ba tare da neman lasisin kowa ba.

Duk da ci gaban da aka samu tun daga wancan lokaci, kowane shafi yana tsaye ne a kan ginshiƙai uku. Na farko shi ne sunan adireshi, wato abin da mai karatu ke rubutawa domin ya isa shafin, wanda kan ƙare da .com ko .org ko .ng. Na biyu shi ne masauki, wato gurbin da aka yi haya a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira uwar garke. Na uku shi ne kayan shafin kansu: rubutu da hotuna da umarnin da ke tsara su. Idan mai karatu ya rubuta adireshi, burauzar da ke wayarsa takan tambayi tsarin DNS, wanda yake tamkar kundin lambobin tarho, domin ta san lambar uwar garken. Daga nan sai ta je ta ɗauko kayan ta shimfiɗa su a kan allo.

Harsuna uku ake amfani da su wajen rubuta kayan. HTML shi ke ba shafi ƙashi, CSS ya tufatar da shi, JavaScript kuma ya ba shi motsi. Da yawa daga magina ba sa rubuta komai daga tushe, sukan yi amfani da manhaja irin WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, wadda kuma a 2024 aka ƙiyasta tana ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya.

Abin lura a nan shi ne, mutum uku daban za su iya riƙe waɗannan ginshiƙai uku, kuma biyu daga cikinsu haya ce mai wa'adi. Yawancin rigingimun sana'ar daga nan suke tasowa.

3.0 Adireshi na Mai Aiki Ne

Ba a sayen sunan adireshi saye na har abada. Rajista ake yi ta shekara ɗaya ko fiye, har zuwa shekara 10 a irin .com, sannan a sabunta. Hukumar ICANN da aka kafa a 1998 ita ke lura da tsarin sunaye na duniya, ƙungiyar NiRA kuma ita ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng a Nijeriya, kamar yadda Nijar take da .ne. Wanda sunansa da imel ɗinsa suke cikin rajistar, shi ne mai iko da adireshin a idon kamfanin rajista, ko da kuwa wani ne ya biya kuɗin.

Mu ɗauki misali. A ce wata makaranta ta ba wani matashi aikin gina mata shafi. Domin sauƙi sai ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa. Makarantar ta buga adireshin a allon ƙofarta da takardunta da rasidinta, iyaye suka saba da shi, malamai kuma suka buɗe akwatunan imel a ƙarƙashinsa. Bayan shekara biyu matashin ya tafi hidimar ƙasa, ya canza lambar waya, ya daina duba wancan imel. Saƙonnin tunatarwa suka yi ta zuwa babu mai gani. Ranar da wa'adi ya cika, shafin ya ɗauke, imel ɗin malamai ma ya daina karɓar saƙo. A irin .com akan ba da ɗan lokacin jinkiri, sannan kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, bayan haka sai a saki sunan ga duk wanda ya riga zuwa. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su tsinci sunayen da suka faɗi su sayar wa masu su da tsada, ko su cika su da tallace-tallacen caca. Matashin bai yi nufin cutar kowa ba, amma ya jawo wa makarantar asarar da ba za ta manta da shi ba.

Saboda haka ga ƙa'idojin da suka dace. A yi rajistar adireshi da sunan mai aikin, da imel ɗin da yake dubawa, ba na ma'aikacin da zai iya barin aiki gobe ba. A kunna sabuntawa ta kai tsaye, a kuma rubuta ranar ƙarewar wa'adi a wuri biyu, wajen magini da wajen mai aiki. Masauki ma a buɗe shi da sunan mai aikin, magini ya shiga da izini na dabam wanda za a iya janyewa. Wasu magina kan riƙe adireshi da gangan domin su ɗaure mai aiki kada ya koma wurin wani. Wannan dabara ce mai gajeren zango, domin ranar da mai aikin ya gane, ba shi kaɗai za a rasa ba, har da duk wanda zai ba labari.

4.0 Yarjejeniya da Farashi

Mai zaman kansa yakan ji nauyin kawo takarda, musamman idan mai ba da aikin dattijo ne ko ɗan'uwa ko abokin uba. To amma rubutun yarjejeniya ba tuhuma ba ce. Mutum biyu masu gaskiya za su iya tashi daga zama ɗaya kowa da abin da ya fahimta. Mai shago ya ce a gina masa shafi yana nufin har da karɓar kuɗi daga masu saye, magini kuwa ya ɗauka shafin nuna kaya ne kawai, alhali tsakanin ayyukan biyu akwai tazarar makonni. Takarda mai shafi ɗaya ta isa, muddin ta amsa waɗannan tambayoyi:

(a) Shafuka nawa za a gina, kuma me kowannensu zai yi?
(b) Wa zai kawo rubutu da hotuna, kuma zuwa yaushe?
(c) Sau nawa mai aiki ke da damar neman gyara kafin a fara lissafin ƙarin kuɗi?
(d) Nawa ne jimillar lada, kuma kashi nawa za a biya a kowane mataki?
(e) Wa zai riƙa biyan kuɗin adireshi da masauki kowace shekara?
(f) Wa ya mallaki zane da rubutu bayan an kammala biya?
(g) Bayan miƙa aiki, wa zai kula da shafin, kuma a kan nawa?

Tambaya ta (b) ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi jinkirta aiki. Sau da yawa magini kan gama nasa ya zauna wata biyu yana jiran tarihin kamfani da hoton shugaba, daga baya a ce shi ya ɓata lokaci. Ya kamata a rubuta cewa kwanakin aiki suna fara ƙirguwa ne daga ranar da kayan suka iso.

Game da biya kuwa, kada a fara aiki sai an karɓi kafin alƙalami. Tsarin da ya yi daidai shi ne a raba ladan gida uku ko biyu: kashi na farko kafin a fara, na biyu idan an amince da zane, na ƙarshe kafin a ɗora shafin a adireshinsa na dindindin. Wanda ya ƙi ba da kafin alƙalami ya riga ya nuna yadda zai yi da cikon.

To, ta yaya ake yanke farashi? Hanya mafi aminci ita ce a fara daga lissafin sa'o'i. Ga misali na koyarwa kawai, mai karatu sai ya sa nasa alƙaluman. A ce magini yana bukatar naira 200,000 a wata domin abinci da haya da data da man janareta da ajiyar gyaran kwamfuta. A wata akwai kimanin sa'o'in aiki 160, amma ba duka ake biya ba, domin neman aiki da ganawa da mutane da koyon sabon abu da bin bashi za su iya cinye rabi. Saura sa'a 80 ke nan. Idan aka raba 200,000 gida 80, kowace sa'a ta tashi a kan naira 2,500. Aikin da zai ci sa'a 30 ba zai yi ƙasa da naira 75,000 ba, ban da kuɗin adireshi da masauki. Wanda ya karɓi wannan aiki a kan naira 30,000 domin ya kori abokin takara, aljihunsa ne ya biya cikon, kuma dole ya yi aikin gaggawa. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Wani abin kiyayewa shi ne canjin kuɗi. Kamfanonin masauki da na manhaja da yawa da dala suke karɓa. Lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da naira 1,000 cikin ƙasa da shekara guda. Duk maginin da ya yi alkawarin biyan masaukin shekaru uku a kan tsohon farashi, ya ji a jikinsa. Don haka a ware ladan aiki daban, kuɗin da ake biyan wasu kamfanoni daban, a kuma rubuta cewa na biyun yana bin farashin ranar biya.

Dandalolin neman aiki na duniya irin su Upwork da Fiverr suna haɗa magini da masu aiki daga ƙasashen waje, suna kuma riƙe kuɗi a tsakani har a gama, amma suna cire kasonsu, takara kuma tana da zafi. Ga mai farawa, ayyuka uku masu kyau da zai iya buɗewa ya nuna sun fi dogon bayani, tun da gani ya kori ji. Idan harka ta fara kankama, yana da kyau a yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, a buɗe asusun banki na sana'a, kada a cuɗa kuɗin aiki da na cefane.

5.0 Mai Karatu da Wayarsa

Mai aiki ne ke biyan magini, amma mai karatu ake gina wa shafi. Wannan mai karatu kuwa, a mafi yawan lokuta, da waya yake shigowa, wataƙila tsohuwa, da datar da ya saya da guminsa, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. A 2010 wani magini ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya bayyana tsarin gina shafi mai daidaita kansa da faɗin kowane allo, wanda yanzu ya zama ƙa'ida. Kamfanin Google ma ya sanar a 2023 cewa ya kammala komawa ga duba yadda shafi yake a waya wajen shigar da shi cikin sakamakon bincike. Shafin da bai zauna daidai a waya ba ya yi asara ta fuska biyu ke nan.

Babban abin da ke nauyaya shafi shi ne hoto. Bari mu yi lissafi. Hoton da aka ɗauka da wayar zamani zai iya kai megabait 4. Kowane bait ɗaya bit 8 ne, saboda haka hoton ya zama megabit 32. Idan sabis ɗin mai karatu yana kawo megabit 1 a sakan, hoto guda zai ci sakan 32 kafin ya sauka. Idan shafin yana da irin wannan hoto guda 10, nauyinsa ya kai megabait 40, wato buɗe shi sau 25 zai cinye gigabait guda na data. Amma idan aka rage faɗin hoton zuwa abin da allo ke bukata, aka matse shi a tsarin JPEG ko WebP, zai iya komawa kilobait 150, ya sauka cikin sakan ɗaya da 'yan kai, kuma ido ba zai ga wani bambanci ba. A cikin ma'aunan da Google ya fitar a 2020, an so babban abin da ke shafi ya bayyana cikin sakan 2.5. Hanyar gwaji mafi gaskiya ita ce magini ya ajiye kwamfutarsa, ya ari ƙaramar waya, ya buɗe shafin da data a wurin da sabis ba shi da ƙarfi.

Bayan nauyi sai sauƙin karatu. Rubutu mai launin toka a kan fari yana iya burge mai zane, amma azaba ne ga dattijo ko mai karatu a cikin rana. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafuka ga masu bukata ta musamman sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Haka kuma kowane hoto a rubuta masa taƙaitaccen bayani a ɓoye, domin makafi suna amfani da manhajar da ke karanta allo da murya, kuma wannan bayani shi ne kaɗai abin da za ta faɗa musu game da hoton.

Ga wanda zai gina shafi da Hausa akwai ƙarin aiki, wato haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ a rubutun Nijar. Barin su yana sauya ma'ana, domin baki daban yake da baƙi, kafa kuma daban da ƙafa. Dukkansu suna cikin tsarin Unicode. Abin da ake bukata shi ne a ajiye shafi da rumbun bayanansa a tsarin UTF-8, a sanar da burauza cewa harshen shafin Hausa ne ta hanyar alamar ha, sannan a zaɓi salon haruffan da ya ƙunshi masu ƙugiya, manya da ƙanana. Idan salon ba shi da su, sai a ga ɗan akwati a gurbin harafi, ko a ga harafin ya fita dabam da 'yan'uwansa kamar baƙo a taro. A cikin adireshin kowace maƙala kuwa, gara a bar haruffa marasa ƙugiya, domin su ne kowa zai iya bugawa a madannan wayarsa.

6.0 Tsaro da Ajiya

Adireshin da ya fara da https yana nufin ana kulle bayanan da ke tafiya tsakanin waya da uwar garke, yadda mai leƙe a hanya ba zai karanta ba. A da takardar shaidar wannan kulli sai da kuɗi, amma tun 2016 hidimar Let's Encrypt take ba da ita kyauta ga kowa, kuma yawancin masaukai suna sabunta ta da kansu. Daga watan Yuli na 2018 burauzar Chrome ta fara yi wa duk shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Babu sauran uzuri ga maginin da ya miƙa shafi babu ita.

Mai amfani da WordPress ya sani cewa ƙofar da ɓarayi suka fi shigowa ita ce ƙananan manhajojin da ake jona masa, musamman waɗanda aka daina sabuntawa, da kuma kwafin sata na manhajojin kuɗi da ake rabawa kyauta, waɗanda sau da yawa an riga an dasa musu mugun abu. A taƙaita yawansu, a sabunta su a kan kari, a cire wadda ba a amfani da ita. Kowane asusu a ba shi kalmar sirri mai tsawo wadda ba a maimaita a wani wuri ba, a kuma kunna tabbaci mai mataki biyu.

Sai ajiyar kwafi. A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin masauki na OVH da ke birnin Strasbourg a Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Wasu masu shafuka sun rasa kayansu har abada, saboda kwafin ajiyarsu yana cikin wannan harabar. Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce ta 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba, ba a san ko yana aiki ba. A gwada tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan shafi yana karɓar sunayen mutane da lambobin wayarsu, ko sakamakon ɗalibai, ko bayanan marasa lafiya, to ya shiga ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023. A karɓi abin da ake bukata kawai, a faɗa wa mutane abin da za a yi da shi, kada kuma a sayar ko a miƙa wa wani ba da yardarsu ba.

7.0 Ga Marubucin Bulog

Kalmar bulog ta samo asali ne daga wata kalmar Ingilishi da Jorn Barger ya ƙirƙiro a 1997, aka gajarta ta a 1999, shekarar da aka buɗe dandalin Blogger. Duk abin da aka faɗa a baya ya shafi marubucin bulog, sai dai shi amanarsa tana tsakaninsa da masu karatu ne kai tsaye.

Shawara ta farko ita ce ya mallaki wurin zamansa. Dandalin kyauta filin aro ne. Kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities a 2009 tare da ɗimbin shafukan jama'a, Google ya rufe Google+ a 2019, gwamnatin Nijeriya kuma ta dakatar da Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022. Wanda duk masu karatunsa suke a dandali ɗaya, rana ɗaya zai iya wayar gari babu kowa. Kayan aro ba ya rufe katara. A yi amfani da Facebook da WhatsApp da sauransu wajen tallata rubutu, amma asalinsa ya zauna a adireshin marubuci, ya kuma tara imel ɗin masu son a riƙa aika musu, da yardarsu.

Ta biyu ita ce ya tsaya a kan fanni guda da ya sani. Ɗalibin aikin gona da ke rubuta maƙala ɗaya mai inganci kowane mako a kan cututtukan kaji ko ajiyar hatsi, a hankali zai zama wurin da ake komawa. Wanda ke kwaso labaran siyasa yau, gobe ƙwallo, jibi maganin gargajiya, yana takara ne da manyan gidajen jaridu, kuma ba zai cim musu ba. Rubutun ilimi da Hausa a intanet har yanzu bai kai yawan masu jin harshen ba, wannan kuwa dama ce ga mai haƙuri.

Ta uku ita ce tantance gaskiya. A san asalin kowane adadi da kowace magana kafin a buga, a rubuta kwanan wata a kan kowace maƙala, idan an yi kuskure a gyara a fili. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka bazu tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, suna taimakawa wajen tsara tunani, amma sukan ƙago suna ko adadi ko magana su faɗa da cikakken ƙwarin gwiwa. Sunan marubuci ne a kan maƙala, shi kuma zai amsa. A tuna cewa dokokin ɓata suna sun shafi rubutun intanet, kuma an sha gurfanar da marubuta a ƙarƙashin sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024.

Ta huɗu ita ce mutunta haƙƙin mallaka. Ganin hoto a intanet bai mai da shi na kowa da kowa ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi hanyar da mai abu zai nemi a sauke kayansa daga shafin da ya kwafa. A ɗauki hoto da kai, ko a nemi izini, ko a yi amfani da masu lasisin Creative Commons tare da cika sharuɗɗansa, wanda galibi ya haɗa da ambaton mai hoton.

Game da samun kuɗi, kada a ruɗu. Tsarin talla na AdSense ba ya biya sai kuɗin sun taru sun kai dala 100, ƙaramin bulog kuwa zai iya yin watanni bai kai ba. Danna tallan kai ko roƙon abokai su danna yana jawo rufe asusu. Sau da yawa ribar bulog takan zo ne ta bayan gida: wani ya karanta, ya gamsu da sanin marubuci, ya kira shi aiki ko koyarwa. Idan kuma wani kamfani ya biya domin a yabi hajarsa, wajibi ne a sanar da masu karatu.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa shafi yana tsaye a kan adireshi da masauki da kaya, kuma a kowane ɗaya akwai haƙƙin wani a wuyan magini ko marubuci. Kafin mai karatu ya miƙa aikinsa na gaba, ya yi wannan gwaji. Ya rubuta takarda guda mai ɗauke da sunan kamfanin rajista da na masauki, da ranakun ƙarewar wa'adinsu, da yadda ake shiga kowane asusu, da inda kwafin ajiya yake. Ya zauna da mai aikin ya nuna masa yadda zai sauya rubutu ko hoto da kansa, ya sa shi ya canza kalmomin sirri a gabansa. Sannan ya tambayi kansa: idan na yi tafiyar shekara guda ba a same ni a waya ba, shin wannan shafi zai ci gaba da aiki, kuma wani magini zai iya ɗorawa daga inda na tsaya? Idan amsar ita ce e, aiki ya kammala. Idan kuwa a'a ce, to da saura, ko da an riga an biya kuɗi.